Masu Yi Wa Tsofaffin Jiragen Yaƙi Sabuwar Riga

A wannan mako filin namu zai bar siyasa da tsadar kaya su huta, mu leƙa wata sana'a wadda ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta da sarki, yawancin masu yin ta kuwa ko anini ba su karɓa. Sana'ar ita ce yi wa tsofaffin jiragen saman yaƙi fenti, musamman manyan nan masu jefa bama-bamai na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu su ke kira Yaƙin Hitila. Amma fa ba da buroshi da gwangwani a ke yin fentin ba, jirgin da a ke shafa wa ma ba ya taɓuwa da hannu. A cikin kwamfuta ya ke, cikin irin manhajojin nan da a ke kwaikwayon tuƙin jirgin sama da su, inda mutum zai zauna a ɗakinsa, ga allo a gabansa, ga sandar tuƙi a hannunsa, ya tashi jirgi daga Landan ya sauke shi a Alƙahira, bai ko sa takalmi ba.

Kwaikwayon tuƙi kansa tsohon abu ne. Tun 1929 wani mutumin Amurka mai suna Edwin Link ya ƙera wani akwati mai motsi wanda a ke shiga a koyi tuƙi a ƙasa, kuma da shi aka horar da dubban matuƙa a lokacin yaƙin. Kamfanin Microsoft ya fito da nasa na kwamfuta a 1982, sa'an nan a 2020 ya fito da wani wanda aka zuba wa duniya ɗungum, da hotunan da taurarin ɗan Adam suka ɗauko, har mutum ya kan iya bi ta kan garinsu ya gane hanyar gidansu. Akwai wasu irinsa, kamar X-Plane da IL-2 Sturmovik. To, a gefen waɗannan ne masu fentin suka kafa tasu tsangaya.

Na san wani zai ce wannan ai wasan yara ne, ina ruwan jarida da shi? A dakata tukuna a ji yadda a ke yin sa.

Jirgin da ke cikin kwamfuta kashi biyu ne. Akwai gangar jiki, wadda wani gwani ya ƙera da lissafi, akwai kuma fatar da a ke lulluɓa mata. Ita fatar hoto ce shimfiɗaɗɗiya, fiffike a nan, wutsiya a can, hanci a wata kusurwa, kamar dai yadda tela ya ke yanyanka yadi ya baje a tebur kafin ya haɗa riga. Mai fenti zai buɗe wannan hoto ya yi ta ɗora launi hawa-hawa. Ya fara da launin jiki, ya bi da layukan da farantan alminiyam suka haɗu, ya jera ƙusoshi dubbai, ya sa tambari da haruffa, a ƙarshe ya zo kan datti, watau tabon mai, da baƙin hayaƙi, da inda takalman makanikai suka goge fenti a kan fiffike. In ya kuskure ko da da ƙwayar gero ne, sai ka ga harafi ya karye a inda gefe biyu suka haɗu, ko lamba ta fito a juye kamar an duba ta a madubi. Sai ya koma ya sake. Wani ya kan yi makonni a kan jirgi guda, in ya gama ya ɗora a intanet kowa ya ɗauka kyauta.

Mu ɗauki Lancaster, shahararren jirgin Ingila mai inji huɗu da mutum bakwai a ciki, domin shi ne ɗan lelen masu wannan aiki. Tun da ya ke da dare ya ke fita, an shafa wa cikinsa da gefensa baƙi, bayansa kuwa aka yi masa dabbare-dabbaren kore mai duhu da ruwan ƙasa, don wanda ya hango shi daga sama ya ɗauka gonaki ne. A gefe akwai tambarin zobe, ja a tsakiya, sai fari, sai shuɗi, da rawaya a baki. Tambarin yana tsakanin manyan haruffa uku masu launin ja marar haske: biyu na rukunin da jirgin ya ke, ɗaya nasa na kansa. Can kusa da wutsiya ga 'yar lambar da aka ba shi tun daga masana'anta, wadda ba ta sakewa ko da an mai da shi wani rukuni. Wanda ya iya karanta waɗannan, da ganin hoto zai gaya maka filin da jirgin ya ke kwana.

A nan ne gardama ta ke. Kusan duk hotunan zamanin baƙi da fari ne, wani irin fim ɗin da a ke amfani da shi a lokacin kuma ya kan mai da rawaya ta yi duhu, har zoben tambari ya fito kamar baƙi. Wanda bai san haka ba sai ya kwaikwayi kuskuren kyamara yana tsammanin tarihi ya ke bi. Ga shi kuma fenti ba ya zama yadda ya fito daga gwangwani. Rana ta ci, ruwa ya ci, an yi faci da wanda ya samu. Don haka tambayar da masu fentin su ke yi wa juna ita ce, jirgin na wace rana ka ke nufi? Na ranar da ya fito sabo, ko na bayan ya yi fita hamsin? Baƙin fentin ma iri-iri ne. Da farko Ingilishi sun yi amfani da wani mai kaushi kamar kunkunniya, wai don kada ya ƙyalla in fitilun Jamus suka haska shi. Daga baya suka ga yana ɓarewa, yana kuma rage wa jirgi gudu, suka koma mai santsi.

Su kuwa Amurkawa da rana su ke fita, ɗaruruwa a jere. Da farko suna shafa wa B-17 da B-24 kore mai ruwan ƙasa a sama, ruwan toka a ƙasa. Da aka shiga 1944 sai suka fara barin su tsirara, alminiyam yana walƙiya, gama sun lura garken jirage irin wannan ba ya ɓoyuwa, fenti kuwa nauyi ne da ɓata lokaci. Suna da wasu tsofaffin jirage da suka gaji da yaƙi, waɗanda su kan yi wa ɗige-ɗige da zane-zane masu ɗaukar ido, sai ka ce zanen 'yan mata ranar salla, aikinsu kawai su tashi sauran su hango su su jeru a bayansu, sa'an nan su komo gida. Akwai kuma ratsin baƙi da fari da aka yi wa jiragen Ƙawance a watan Yuni 1944, sa'ad da za a tsallaka Faransa, don kada nasu su harbe su. Cikin kwana biyu ko uku aka yi shi, a gaggauce, da duk buroshin da hannu ya kai, ratsin da yawa ya fito a karkace. Mai fentin kwamfuta yana da abin da zai ja layi miƙaƙƙe sumul. In ya ja shi miƙaƙƙe ya yi kyau amma ya yi ƙarya, in ya karkata shi jahili ya ce bai iya ba. Gwanayen cikinsu karkatawa su ke yi, ni kuwa wannan ne ya fara sa na ga girmansu.

Kada kuma a ɗauka a kwamfuta kaɗai a ke sa wa jirgi rigar aro. An ƙera Lancaster 7,377, aka yi hasarar fiye da 3,000 a fagen fama, sauran yawanci aka farfasa su bayan yaƙi aka narkar. Biyu ne kawai aka riƙe suna tashi, ɗaya a Ingila ɗaya a Kanada, kuma a 2014 na Kanada ya ƙetare teku suka yi shawagi tare. Na Ingila, mai lamba PA474, an gama shi ne a 1945, yaƙi ya ƙare bai jefa bom ko ɗaya ba. Aikin da ya yi na ɗaukar hotunan ƙasa ne daga sama a gabashin Afirka, don zana taswira. Amma duk bayan 'yan shekaru rundunar saman Ingila ta kan sake masa fenti ya ɗauki kamannin wani da ya yi yaƙin. A 2017 ma fuska biyu aka yi masa, hagu na wani rukunin mutanen Ostireliya, dama na wani rukunin Ingilishi. Na Kanada kuwa an yi masa haruffan jirgin da Andrew Mynarski ya ke ciki a watan Yuni 1944. Shi wannan saurayi mai bindiga ne. Da aka harbi jirginsu wuta ta kama, maimakon ya yi tsalle da lema sai ya ratsa wutar don ya fid da abokinsa da ya maƙale a wutsiya. Bai iya ba, tufafinsa suka kama, ya faɗo ya rasu saboda ƙuna. Ikon Allah, abokin da ya faɗi tare da jirgin shi ne ya rayu ya ba da labari.

To, Lancaster ke nan, mai sauran gata. Ɗan'uwansa Halifax, wanda aka ƙera sama da 6,000, babu ko ɗaya mai tashi a duniya. Stirling kuwa ko cikakken guda na ajiyewa a gidan tarihi bai saura ba. Wanda duk ya ke son ya ga yadda waɗannan su ke a sararin sama, da launinsu da haruffansu, ba shi da inda za shi sai wurin mutanen nan masu kwana a gaban allo. Wannan kaɗai ya isa ya fid da aikinsu daga sahun wasan yara.

Sai dai akwai wani wuri a jikin jirgin wanda in na kalla raina ba ya kwanciya. A ƙarƙashin tagar matuƙi, kusa da suna da hoton da mayaƙan su kan zana wa jirginsu kamar yadda direbobinmu su ke yi wa manyan motoci kirari, akwai 'yan ƙananan bama-bamai da a ke zanawa a jere. Kowane ɗaya fita guda ce aka je aka komo. In Italiya aka kai wa harin, wasu su kan zana ƙoƙon askirim maimakon bom, don raha. Akwai wani Lancaster a gidan tarihi na Hendon a Landan mai fita 137, an kuma rubuta masa a gefe cika bakin da Goring, shugaban mayaƙan saman Jamus, ya yi cewa jirgin abokan gaba ba zai ratsa samaniyarsu ba. Cikin dubban nan da aka ƙera, 35 ne kaɗai suka kai fita 100.

A wurin samarin da ke cikin jirgin, kowane zane shaida ce cewa mutuwa ta sake kuskure su. Ba kuwa ƙaramin abu ba ne, domin cikin mutum kimanin 125,000 da suka yi wannan aiki a rundunar Ingila, 55,573 sun mutu. A lissafa a gani, saura kaɗan rabi. Yawancinsu 'yan shekara ashirin da 'yan kai ne, kuma a ka'ida sai mutum ya yi fita 30 kafin a ba shi hutu. Amma kowane zane yana da wata fuska ta biyu, wadda ke kallon ƙasa. A ƙarshen Yuli 1943 an yi wa birnin Hambug ruwan wuta har iska kanta ta zama guguwar gobara, mutum kimanin 40,000 suka hallaka. A Fabrairu 1945 aka yi wa Diresdan, inda masana tarihin da birnin ya naɗa suka bayyana a 2010 cewa matattu sun kai wajen 25,000. Gaskiya ne Jamus ce ta fara, ta yi wa Warso da Rotadam da Kobantiri da Landan, kuma dama an ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Duk da haka tsohuwar da ta ƙone a ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Hambug ba ita ta gina ramin ba. Ingilishi kansu sun ji nauyin abin, shi ya sa sai 2012, bayan shekara 67, aka buɗe wa mayaƙan nan babban wurin tunawa a Landan.

Mai fenti zai zauna da gilashin ƙara girma ya ƙirga bama-baman nan ɗaya-ɗaya, ya tabbata na layi na uku rawaya ne ko fari. Manhajar Microsoft kuwa ta farar hula ce, ba a harbi a cikinta, ba a jefa kome. Saboda haka sai ka ga Lancaster da bom ɗari a zane a hancinsa yana shawagi a kan Hambug ta yau, rana tana faɗuwa, kogi yana ƙyalli, cikinsa wayam. Jirgin ya zo da sunan mutanensa bakwai, garin kuwa bai zo da sunan kowa ba. Ban ce a daina ba. Abin da na ke gani shi ne, mai fentin da ya iya rubuta shafi guda a kan asalin launin wutsiya, ya iya ƙara layi biyu ya faɗi garuruwan da jirgin ya je da abin da ya same su. In kuwa yana cikin waɗanda suka jefa wa mutanen Holan abinci, sama da tan 6,000, tun daga 29 ga Afrilu 1945 sa'ad da yunwa ta ke kashe su, shi ma a faɗa.

Wannan rigima ba a kwamfuta ta fara ba. Jirgin B-29 da ya jefa bom ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, matuƙinsa Paul Tibbets ya sa aka rubuta masa sunan mahaifiyarsa, Enola Gay, ana gobe za a tashi. Harafin R da ke cikin da'ira a wutsiyarsa ma na aro ne, na wani rukuni dabam, an shafa shi ne don a ɓad da sawu, aka kuma sake lambarsa daga 12 zuwa 82. Watau wanda ya yi masa fentin da ya dace da ranar, fentin yaudara ya kwaikwaya daidai. Da gidan tarihi na Smithsonian a Washinton ya yi niyyar nuna shi a 1995 tare da hotunan waɗanda bom ɗin ya ƙone, tsofaffin sojoji da 'yan majalisa suka yi ca, aka soke shirin, shugaban gidan ya ajiye aiki, aka nuna jirgin da ɗan taƙaitaccen bayani.

Ta ɓangaren Jamus kuma matsalar wutsiya ce. Jiragensu, irin su Heinkel 111, suna ɗauke da tambarin Nazi mai ƙugiya huɗu, dokar Jamus kuwa ta hana nuna shi a fili sai don ilmi ko fasaha da makamantansu. Sai a 2018 aka fara yarda a duba wasannin kwamfuta ɗaya-ɗaya a ga ko sun cancanci wannan rangwame. Saboda haka kamfanoni da yawa su kan bar wutsiyar fayau, masu fenti kuma su rabu biyu. Na san akwai 'yan tsirarun da son tambarin ne ya kawo su, ba son tarihi ba, Allah ya raba mu da su. Amma a nawa ganin, Heinkel mai wankakkiyar wutsiya an yi masa alfarmar da bai cancanta ba. An tuɓe masa shaidar ubangidansa, ya zama jirgi kawai kamar kowane.

Saura namu kason, gama muna da shi, ko da ya ke ba kasafai a ke tunawa ba. Jiragen da suka fara sauka a Kano a watan Nuwamba 1925, su uku daga Masar, samfurin DH.9A ne, ƙananan masu jefa bom na Ingilishi. Da Faransa ta faɗi a 1940, Italiya kuma ta shiga yaƙi, Bahar Rum ta zama ba ta biyuwa, sai Ingilishi suka koma kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a Gwalkwas, watau Gana ta yau. A can a ke harhaɗa su, su taso su biyo ta Ikko, Kano, Maiduguri, su ratsa Cadi, su sauka Jinaina da Fashir da Hartum, har Alƙahira, tafiyar kusan mil 3,700. Abin ya yiwu ne domin gwamnan Cadi, Felix Eboue, baƙar fata, ya bi Janar Digol a watan Agusta 1940. Ayarin farko ya tashi a Satumba na wannan shekara, kafin ƙarshen 1943 kuwa jirage fiye da 5,000 sun bi hanyar. Yadda a ke yi, Blenheim guda, mai jefa bom mai inji biyu, shi ne madugu domin yana ɗauke da mai duba hanya, ƙananan Hurricane suna biye da shi kamar 'yan tsaki. Jamus ta san darajar hanyar, har a Janairu 1942 Heinkel guda ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bom a ma'ajiyar mai ta Fotlami, Injamena ta yau, a kan hanyar komawa mai ya ƙare masa ya sauka a cikin rairayi.

A can Ingila kuma akwai rukuni na 218, wanda aka laƙaba wa sunan Gwalkwas, ya yi yaƙi da Stirling sa'an nan da Lancaster, haruffansa HA. Akwai na 91 mai sunan Nijeriya, amma shi na ƙananan jirage ne, Spitfire. Sa'an nan ga Akin Shenbanjo, ɗan ƙasar nan, wanda ya shiga rundunar saman Ingila ya zama mai kula da wayar iska a cikin Halifax na rukuni na 76. A 1944 abokan tafiyarsa suka sa wa jirginsu suna saboda shi, suka rubuta a hanci, kalmar farko da Jamusanci sauran da Turanci, abin da ma'anarsa ita ce, "Hattara! Ga Baƙin Yarima." Ya gama fitarsa da rai, aka ba shi lambar girma ta DFC.

Yaranmu da ke Kano da Kaduna da Ikko, waɗanda suka iya sarrafa hoto a kwamfuta suna yi wa 'yan siyasa fasta, duk kayan aikin nan suna hannunsu. Mai son ya gwada, ga Blenheim madugu yana jiran wanda zai sa masa ƙurar hunturu a fiffike ya taso shi daga Kano ya nufi Maiduguri. Ga kuma Halifax na Shenbanjo: baƙi a ciki da gefe, kore da ruwan ƙasa a baya, jajayen haruffa MP kusa da tambari, sunan nan a hanci. Sai dai ya nemi hoton jirgin na ainihi ya sa a gabansa kafin ya fara, ya ƙirga bama-baman da kyau, ya kuma bincika garuruwan da aka kai su.